Minti biyu ne kacal: wane irin fim ɗalibi zai buɗe da shi?

A kwasa-kwasan koyon fim akwai wani aiki da malamai suke yawan bayarwa. Za a ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku shirya farkon wani fim, wanda ba zai wuce minti biyu ba, da sunan fim ɗin da sunayen 'yan wasa da ma'aikata a kansa, kamar dai cikakken fim ne zai biyo baya. A Ingila an taɓa shafe shekaru ana ba da wannan aiki a jarrabawar 'yan manyan azuzuwan sakandare masu karatun kafafen yaɗa labarai, kuma duk wanda ya shiga sashen fim ko na wasan kwaikwayo, ko a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos ko a wata jami'a, zai iya cin karo da irinsa. Da zarar an ba da aikin, musun farko da ke tashi tsakanin ɗalibai shi ne wane nau'i za a yi: na ban tsoro, na soyayya, na barkwanci, ko na faɗa?

Yawanci kowa abin da yake son kallo yake kawowa, kuma nan ake fara ɓata aikin. Abin da kuke son kallo masu kuɗi ne da ƙwararru suka yi shi. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne abin da ke hannunku: wurin da za a bar ku ku yi ɗauka, mutanen da za su iya wasa, na'urar ɗaukar sauti, haske, da yawan awannin da kuke da su. Daidai ruwa daidai tsaki. Kowane nau'in fim yana da abin da yake ci, kuma wanda ya san abin da kowanne yake ci ba zai sha wahalar zaɓe ba.

Ku fara da lissafi

Minti biyu daƙiƙa 120 ne. Ku cire kamar biyar na tambarin kamfanin da kuka ƙirƙira, da wasu biyar na sunan fim, saura 110. Idan kowace ɗauka ɗaya za ta tsaya a allo daƙiƙa uku zuwa biyar, kuna bukatar ɗauka kusan 22 zuwa 37. A rubuce kuwa, shafi ɗaya na labarin fim da aka tsara bisa ƙa'ida yana cin kusan minti ɗaya a allo, saboda haka rubutunku shafi biyu ne. Wanda ya zo da shafi shida ya rubuta wani abu dabam.

Sai lokacin aiki. Duk sanda aka ɗaga kyamara aka sauya mata wuri, sai an gyara haske, an gwada sauti, 'yan wasa sun maimaita, an ɗauka sau uku ko huɗu. Ga masu koyo wannan yana cin minti 20 zuwa 30. Idan ɗauka 30 ɗinku za su fito daga wuraren tsayuwar kyamara 15, kun ci awa biyar zuwa bakwai da rabi, ban da sallah da cin abinci da jiran wanda ya makara. Ke nan yini biyu ne idan ana son a yi aiki cikin natsuwa. Duk ƙarin wurin ɗauka yana ƙara aƙalla awa biyu na kwashe kaya da sake shiri. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya kashe rabin shawarwarin da za a kawo.

Farkon fim abu huɗu yake yi: ya nuna inda muke, ya nuna wanda za mu bi, ya sa mu cikin wani yanayi, ya bar mana tambayar da za ta hana mu tashi. Ba ya amsa tambayar. Kura-kurai biyu ne suka fi yawa a nan. Wasu suna cusa labarin gaba ɗaya, a haifi rigima a kuma warware ta cikin minti biyu, sai ya zama gajeren fim. Wasu kuma suna tsinto wurare masu zafi daga ko'ina su jera da kiɗa, sai ya zama talla. Malamin da zai duba aikin abin da yake nema shi ne ya ji cewa akwai sauran minti casa'in a gaba.

Kafin kowa ya ambaci sunan wani nau'i, ku ɗauki takarda ku rubuta abu biyar. Waɗanne wurare ne za a ba mu yini biyu a jere ba tare da an kore mu ba? Mutum nawa muka sani da suka taɓa tsayawa gaban kyamara ko kan dandamali, kuma shekarunsu nawa? Muna da makirufo na dabam, ko na jikin waya kawai? Wace fitila muke da ita da ba ta dogara da wutar NEPA ba? A wane lokaci na shekara za mu yi ɗaukar? Wannan ta ƙarshe ana raina ta. Da hunturu ƙura tana tausasa hasken rana, fuska ta yi kyau, amma iska tana kaɗa makirufo, ƙurar kuma tana hawa gilashin kyamara. Da damina gajimare yana sauya haske tsakanin ɗauka da ɗauka, kuma ruwa a kan rufin kwano yana hana ɗaukar magana gaba ɗaya.

Fim ɗin ban tsoro

Shi ɗalibai suka fi so, kuma dalilinsu ba banza ba ne: ba ya bukatar magana da yawa, alamominsa kowa ya san su, mai kallo yana gane shi cikin daƙiƙa goma. Matsalarsa duhu. Ɗalibai suna zaton duhun fim kashe fitila ne. Idan haske ya yi ƙaranci, waya ko ƙaramar kyamara tana ƙara wa kanta ƙarfin gani, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige masu rawa, launi ya dagule, kyamarar ta riƙa neman fuska tana rasawa. Babu manhajar da za ta gyara wannan daga baya yadda ya kamata. Duhun fim da haske ake yin sa. A sa fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe, ta haska rabin fuska ta bar rabi. A sa wata ƙarama can baya, ko da fitilar ƙwai ce ko aci-balbal, don a rarrabe kan ɗan wasa daga bango. A kulle ma'aunin hasken kyamara a kan ɓangaren fuskar da ke da haske, kada a bar ta tana sauyawa da kanta. Sauran duhun a ƙara shi wajen tacewa.

Akwai kuma batun rawar haske. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Gana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa. Idan aka haɗa su a ƙarƙashin wasu ƙwayayen fitila, sai a ga baƙaƙen layuka suna yawo a hoton. Maganinsa a saita kyamara kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufewarta (shutter) kuma 1/50. Ƙaramin janareto ba ya tsayawa daidai kan 50 ɗin, saboda haka fitilar caji ta fi aminci, a kuma kunna ta har ƙarshe, don wasu masu araha suna rawa idan an rage su.

Idan dole sai an nuna dare a waje, ana iya ɗauka da rana a mayar da shi dare: a rage hasken kyamara sosai, a saita ma'aunin launinta (white balance) kan 3200 don hoton ya yi shuɗi, rana ta kasance bayan ɗan wasa ko gefensa, kuma kada sama ta fito ko kaɗan, don farin sama shi ne ke tona asiri. Kada ku dogara da magariba. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, ɗauka biyu ko uku za ku samu, ga shi kuma lokacin sallah ne.

Sai dodon kansa. Farin zane da hoda a fuska dariya suke jawowa, kuma da zarar mai kallo ya yi dariya a fim ɗin ban tsoro an gama. A minti biyun farko babu dalilin nuna shi. Ƙofar da aka bari a rufe aka dawo aka tarar a buɗe, sawun ƙafa a tsakar gidan da aka share yanzun nan, akuyar da ta daina kuka lokaci guda, waɗannan sun fi fuskar aljani aiki. Jini idan ana bukata, zuma cokali huɗu, jar kalar abinci ƙaramin cokali ɗaya, da ɗan garin koko don ya yi duhu. Zoɓo ba ya yi, ya cika ruwa kuma launinsa ba na jini ba ne. Ku tanadi riga iri ɗaya guda biyu ko uku, don tana ɓaci sau ɗaya ba a iya maimaita ɗaukar, ku kuma sani ƙudaje za su zo.

Hukuncina a kan wannan nau'i: ku ɗauke shi idan kuna da fitila biyu, ɗaki ɗaya da za ku iya toshe tagoginsa, da mutum guda mai haƙurin zama ya gina sauti. In babu na ukun nan, ku bar shi. Tsoro ta kunne yake shiga.

Barkwanci da soyayya

Barkwanci yana da arahar kaya: rana ce fitila, titi ne wurin ɗauka. Amma duk nauyinsa a kan ɗan wasa yake. 'Yan camaman da muke kallo sun yi shekaru suna koyon inda za su tsaya da inda za su saki magana. Mai koyo abin da yake kwaikwayo daga wurinsu ɗaga murya ne da zare ido, ya bar ainihin gwanintar. Dariyar da abokai suke yi a wurin ɗauka ba shaida ba ce, domin su abokinsu suke yi wa dariya. Ku karanta wa mutum biyar da ba su san ku ba rubutun. Idan uku ba su ko murmusa ba, kyamara ba za ta ƙara masa komai ba. Kuma barkwanci yana son magana ta fita tar: kalma ɗaya ta ɓace a ƙarar babur, abin dariyar ya tafi da ita. Wajen ɗauka ya fi son a ja kyamara baya, a ga mai maganar da wanda ake yi wa a lokaci guda, saboda sau da yawa fuskar mai saurare ce abin dariyar.

Soyayya kuwa lokaci take ci, minti biyu bai isa mai kallo ya damu da ko waɗannan biyun za su haɗu ba. Sai ɗalibai su gudu zuwa waƙa, tunda an saba ganinta a fina-finan Kannywood. Waƙa tana cinye minti biyun duka, ba ta barin wurin tambaya. Idan ta wani ce, ba ku da izininta, kuma YouTube yana iya gane ta ya toshe aikin ko ya kashe sautinsa. Idan taku ce, sai an fara shiga situdiyo, sannan a kunna ta a wurin ɗauka a daidaita baki da ita, aikin mako guda ke nan aka ƙara. Abin da ke yiwuwa shi ne farkon soyayyar da aka gina kan kallo da jira: yarinya tana aiko ƙanenta zaure ya ce ba ta nan, alhali muna ganinta bayan labule tana saurare. Wannan ya dace da al'adar fim ɗin Hausa da ba a taɓa jiki, kuma idan kuna da niyyar sakin aikin ga jama'a a Kano, ku nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Abin da ke rushe irin wannan fitowa shi ne tsallake layi. Ku ja layi a zuci tsakanin mutanen biyu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har ƙarshe. Idan ta tsallaka, wajen tacewa za a ga su biyun suna kallon gefe ɗaya, kamar ba juna suke kallo ba.

Waɗanda suka fi ƙarfin aljihun ɗalibi

Fim ɗin tarihi da sarauta yana burge malamai a takarda. A fili kuwa duk inda kuka juya kyamara akwai wayar lantarki, rufin kwano, tankin roba, leda a ƙasa, ga ƙarar injin niƙa daga nesa. Doki sai da mai kula da shi, kuma ba ya jiran a gyara haske. Alkyabba da rawani aro ne mai wuyar samu, naɗin kuma idan ba a iya ba, duk wanda ya san fada zai gani. Kakaki ba a busa wa kowa shi, tambari ma ba a kaɗa wa kowa. Hanya ɗaya da yake yiwuwa ita ce a kulle komai a cikin ɗakin ƙasa ɗaya, a matso da kyamara kusa: hannu, takobi, tawada da alkalami, fuskar manzon da ya kawo saƙo. A cire agogo da zoben zamani kafin a fara.

Fim ɗin faɗa yana cin ɗauka fiye da kowanne. Dambe na daƙiƙa 30 yana iya bukatar ɗauka 20, kowace sai an tsara ta a hankali. Naushi ba ya taɓa fuska: hannu yana wucewa da tazarar kusan taƙi ɗaya, kyamara tana bayan kafaɗar ɗayansu don ta ɓoye tazarar, wanda aka nausa ya juya kai a daidai lokacin, a ƙara sautin bugun daga baya. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, wasan yara ya zama. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rai. Bindigar roba a titi, daga nesa bindiga ce, kuma jami'in tsaro ko 'yan sintirin unguwa ba su san aikin makaranta kuke yi ba. Sa kakin ɗan sanda ba tare da izini ba laifi ne a Najeriya. Kada ku fito da makami, ko da na katako ne, sai da takarda daga makaranta, an sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Gudun mota da na babur kuwa ku manta da su kawai.

Labarin ƙagaggen kimiyya, mai jiragen sama jannati da mutum-mutumi, sai in akwai wanda ya riga ya ƙware da haɗa hoto a kwamfuta. Ba a koyon sa a mako uku.

Abin da na fi ba da shawara

Fim ɗin fargaba, wanda mai kallo yake zaman ɗar-ɗar yana jiran abin da zai faru, shi ne ya fi dacewa da minti biyu da aljihun ɗalibi. Bambancinsa da na ban tsoro shi ne barazanar ta mutum ce, kuma ana iya yin sa da rana tsaka. Jarinsa ɓoye bayani: ko mai kallo ya san abin da jarumi bai sani ba, ko jarumi ya san abin da mai kallo bai sani ba. Ɓoye bayani ba ya cin ko kwabo, kuma aikin farkon fim dama barin tambaya ne, saboda haka nau'in da aikin sun zo daidai.

Ga misali da za a iya ɗauka a wuri ɗaya da mutum biyu. Direban adaidaita sahu ya dawo gida da la'asar sakaliya. Daƙiƙa 15 na farko, ɗauka uku: lungu daga nesa, ƙafar keken tana tsayawa, hannunsa yana zare makulli. Sunayen farko suna fitowa a nan. Daƙiƙa 25 na gaba yana ƙirga cinikin yini, yana ware na mai keke, abin da ya rage kaɗan ne. Ba a faɗi komai ba amma mun san halin da yake ciki. Sai ya zagaya baya zai kakkaɓe kujera, ya ga jaka. Daƙiƙa 30 a nan: fuskarsa, jakar, ya duba hagu da dama, zik yana buɗewa a hankali. Ba a nuna mana abin da ke ciki, fuskarsa kawai muke gani. Matarsa ta kira shi daga cikin gida, ya rufe jakar da sauri ya amsa da kalma biyu. Sai waya ta fara ƙara a cikin jakar. Daƙiƙa 20 yana kallonta tana ƙara. Ɗauka ta ƙarshe daga bakin lungu ce, ta bayan kafaɗar wani mutum da ke tsaye da waya a kunne yana kallonsa. Allo ya yi baƙi, sunan fim ya fito. Ɗauka 28 zuwa 30 ke nan, magana ba ta kai jimla uku ba, fitila babu, sai farin kwali ɗaya da za a mayar da hasken rana kan fuska. Tunda babu aikin gyaran fitila, a raba ɗaukar yamma biyu, daga ƙarfe huɗu zuwa shida saura, a kuma ɗauki na nesa duka a lokaci ɗaya don inuwa ta yi daidai.

Ku lura da cewa labarin bai zaɓi nau'i da kansa ba. Jakar nan ɗaya, idan aka ja kyamara baya aka bar maƙwabci mai surutu ya tsaya gaisuwa yayin da direban ke zaune a kanta tana ƙara, barkwanci ne. Idan aka tsaya a kan takardar asibiti da ke aljihunsa da fuskar matarsa, aka cire mutumin bakin lungu, labarin zamantakewa ne a kan amana da talauci. Nisan kyamara, tsawon ɗauka, sauti, da abin da aka ɓoye, su ne suke faɗa wa mai kallo irin fim ɗin da yake ciki. Labarin zamantakewar shi ne zaɓina na biyu, da sharaɗi ɗaya: ku sami 'yan wasa masu shekarun da suka dace. Ɗan shekara 20 da aka shafa wa hoda a gemu ba uba ba ne, kuma babu mai kallon da zai yarda. Ko ku roƙi babba na gaske ya zo, ko ku rubuta labarin 'yan shekara 20.

Inda fim ɗin fargaba yake lalacewa shi ne gaggawa. Masu koyo suna tsoron shiru, sai su yanke ɗauka da wuri su cika ko'ina da kiɗa. Fargaba tana son a bar ɗauka ta wuce inda mai kallo ya zaci za a yanke. Kuma ku guji buɗewa da ƙarar agogo, mutum ya farka ya wanke fuska, ko a rufe da cewa ashe mafarki ne. Malamai sun ga waɗannan har sun gaji.

Sauti, ko wane nau'i kuka ɗauka

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni, ba ya haƙuri da sautin da ba a ji. Duk sanda aka rage tazarar makirufo da baki zuwa rabi, ƙarfin muryar yana ƙaruwa da kusan desibel shida a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarar unguwa kuma tana nan yadda take. Saboda haka makirufo ya kasance bai fi rabin mita daga baki ba. Idan babu na sanda, a sa wata waya a aljihun gaban riga ko a ɓoye ta kusa, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara kafin kowace ɗauka don a daidaita sauti da hoto daga baya. Murya ta riƙa kaiwa wajen -12 a ma'auni, kada ta taɓa sifili, don wadda ta fashe ba ta gyaruwa. Wani ya sa abin kunne yana saurare a duk ɗauka. Janareto a kai shi bayan katanga da doguwar waya, fanka da firji a kashe. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na sautin wurin, da shi ake cike giɓi wajen tacewa. Ƙarar zik, taku, makulli da ƙarar waya a sake ɗaukar su dabam a ɗaki mai shiru. Kiɗa kuma, mai gurmi ko sarewa ɗaya da ya yarda ya kaɗa ko ya busa muku minti biyu ya fi duk abin da za ku sauko da shi daga intanet ba izini.

Yadda za ku yanke hukunci

Kowa ya zo da labarinsa a jimla ɗaya: wane ne, me yake so, me ya tare shi. Ku gwada kowace jimla da takardar nan ta abubuwa biyar, ku zubar da duk wadda take bukatar fiye da wuri biyu ko fiye da mutum uku. Nau'i ɗaya za ku riƙe. Haɗa ban tsoro da barkwanci aikin ƙwararru ne, a hannun mai koyo mai kallo rasa abin da zai ji yake yi.

Idan saura biyu, ku kalli farkon fina-finai biyar na kowane nau'i da takarda da agogo. Ku ƙirga ɗauka nawa ne a minti biyun farko, a daƙiƙa ta nawa aka faɗi kalmar farko, yaushe sunan fim ya fito, wane launi ya rinjaya, kiɗa ya riga hoto ko hoto ya riga shi. Daga abin da ya maimaitu a biyar ɗin ku riƙe uku, ku saɓa wa ɗaya da gangan. Wannan takardar ku ajiye ta, ita ce hujjarku idan malami ya tambayi dalilin zaɓinku.

Sannan ku yi gwaji kafin ranar ɗauka. Ku ɗauki daƙiƙa 20 mafi wuya a cikin labarin, a ainihin wurin, a ainihin lokacin, da ainihin kayan. Ku tace shi a manhajar DaVinci Resolve ko CapCut, ku nuna wa wanda bai san komai a kai ba, ku tambaye shi wane irin fim ne wannan kuma me yake zaton zai faru. Idan ya kasa faɗin nau'in, ko ku gyara haske da sauti ko ku koma kan zaɓi na biyu tun da sauran lokaci.

Sunayen ma suna cikin nau'in. Bisa al'ada kamfani ne farko, sai 'yan wasa, sai ma'aikata, darakta a ƙarshe. Kowane suna ya tsaya kamar daƙiƙa uku, a ɓangaren hoton da babu fuska, kuma tun wajen ɗauka ake barin masa wuri. Suna takwas sun isa. Fim ɗin fargaba yana son siraran haruffa farare ƙanana a gefe, barkwanci yana ɗaukar manya masu launi. Salon rubutu ɗaya za ku yi amfani da shi daga farko har ƙarshe, kuma kafin ku zaɓe shi ku gwada rubuta ɓ da ɗ da ƙ da shi, domin salo da yawa ba su da su, sai su fito da ɗan akwati a tsakiyar sunan mutum.